Tafin Ƙasa Daga Erlau

Kooranda, Kudancin Ostireliya
18 ga Nuwamba, 1928

Zuwa ga Yaya Ottilie Seidel, a Erlau.

Gaisuwa mai yawa daga dangin da ba ki taɓa gani ba, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara. Mu nan mun gode Allah. Zafi ya kama, alkama ta fara ja, inabi kuma ya fitar da 'ya'ya ƙanana.

Sunana Traugott Mattiske. Kakata ta wajen uba da kakanki ciki ɗaya suka fito. Mahaifina ne ya tarbi ƙanenki Reinhold a tashar jirgin ruwa ranar da ya sauka daga Jamus, kuma ƙanwata Hulda ce matarsa. Shi ya sa na kira ki Yaya. Idan na yi shisshigi ki yafe mini. Idan za ki ba ni amsa, kada ki rubuta Ebenfeld a bayan ambulan. Tun lokacin yaƙi hukuma ta sauya wa garinmu suna, mu kaɗai ne muke kiransa da na da.

Reinhold yana nan. Ba ya jin daɗin ƙirjinsa sosai, saboda iskar gubar da ya shaƙa a Faransa, likita kuma ya ce ya huta da aikin gona. Suna da 'yan mata biyu, babbar sunanta Ottilie.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya muka binne tsoho Zweck, na ƙarshe cikin waɗanda aka zo da su nan suna yara. Kafin a rufe akwatin, 'yarsa ta ɗauko wata 'yar jakar zane da ta yi baƙi don tsufa, ta sa masa ƙarƙashin kai. Ƙasar garinsu ce, uwarsa ta ƙunso ta ranar da suka taso. Haka tsofaffinmu suke yi, haka muka yi wa kakata. Muna komawa gida a keken doki, da muka wuce gada sai Reinhold ya ce, "Malam, ni fa da na taho ban ƙunso komai ba sai takalmi da girman kai."

Malam yake ce mini don na koyar a makarantar coci kafin a rufe ta. Yanzu awon inabi nake yi a gidan da ake matse shi.

Na ce, "Takalmin dai ya daɗe da mutuwa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Rubuta wa Yaya Tili. Ka ce tafi ɗaya kawai, daga kabarin Mama."

Na tambaye shi me ya hana shi rubutawa da kansa. Ya ce bayan yaƙi ya rubuto miki, wasiƙun suka dawo ba a buɗe ba. "Kai kana da rubutu irin na mutanen kirki," in ji shi, "ƙila ta buɗe naka kafin ta gane."

Yaya, na san labarin ƙaramin ƙanenku Emil, na kuma san kakin sojan da Reinhold ya saka ba irin nasa ba ne. Ba shari'a na zo yi ba, ban ma cancanta ba, ni da ban je ko'ina ba. Saƙo aka ba ni na isar. Ba na so in matsa miki a kan abu mai nauyi irin wannan. Babu gaggawa, ki yi tunani a tsanake.

Wannan ce takarda ta huɗu da na fara. Sauran na yaga, don ɗaya ta yi kama da wa'azi, sauran kuma da roƙo. Ban tabbata wannan ta fi su ba.

Ɗan'uwanki,
Traugott Mattiske

Erlau, kusa da Grünberg
6 ga Janairu, 1929

Ɗan'uwa Traugott,

Takardarka ta iso ana gobe Kirsimeti. Muna lafiya, sai dai Gustav mai gidana yana fama da gwiwa, kuma ɗanmu na fari ya tafi birni neman aiki. Ka gaida Hulda. Ba ta yi mini laifin komai ba.

Gaskiyar Reinhold ce, na buɗe kafin in gane. Ya san ni.

Kana ba ni labarin zafi da alkama. Ku a can kun manta da yadda Janairu take. Rijiyarmu ta daskare. Shekaranjiya na tsinci tsuntsaye a bakin ƙofa sun bushe kamar itace. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irin sanyin bana ba. Kabarin Mama yana ƙarƙashin ƙanƙara har ƙugu, ƙasar kuma ko gatari ba ya shigarta. Ko da na so, da me zan haƙa, da haƙorina?

Ka ce likita ya ce ya huta. To ya huta. Tun yana yaro ya iya hutu. Ni da Emil muke kwashe dankali, shi yana kan katanga yana ba mu labarin ƙasashen da zai je.

Bari in gaya maka abin da ƙila bai gaya maka ba, don bai sani ba. Emil yana da shekara sha tara aka kashe shi, a watan Agustan shekarar da yaƙi ya ƙare, kusa da kogin Somme. Ba shi da kabari. Wani abokinsa da ya dawo da ƙafa ɗaya ya zo ya zauna a kicin ɗinmu, ya ce sojojin Ostireliya ne suka auko musu da asuba cikin hazo. Mama tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Reini yana wajen?" Mutumin bai san wane ne Reini ba, haka take kiran Reinhold. Daga ranar har ta rasu shekara guda bayan haka, tambayar ke nan. Tana yi wa fasto, tana yi wa mai kawo wasiƙa, tana yi mini ina mata wanka. Ni na riƙe ta, lokacin da ba mu da abin ci sai ruwan ganye. Yanzu yana so in je in buɗe mata kai in ɗebo masa matashi.

Ba wanda ya tilasta masa. Mun ji cewa a ƙasarku ba a kama kowa dole, mutum ne yake kai kansa.

Tun da ka ce babu gaggawa, ni ma ba zan yi ba. Idan ƙasa ta saki bayan bikin Ista, zan je in tsaya a wurin in ji abin da zuciyata za ta ce. Ban yi alkawari ba. Amma kafin nan ka yi masa tambayar Mama, ka rubuto mini amsar yadda ta fito daga bakinsa. Kada ka gyara ta da rubutunka na mutanen kirki.

Da gaske sunana ya sa wa yarinyar? Wa ta biyo?

Ottilie Seidel

Kooranda
14 ga Fabrairu, 1929

Yaya Ottilie,

Ina gaishe ki, ina yi wa Gustav sannu da gwiwa, Allah ya sa sanyin ya sassauta muku. Hulda ta amsa gaisuwa, ta yi kuka da ta ji layin da kika rubuta a kanta. Yarinyar ba ta biyo kowa a nan ba. Tana da faɗin goshi da saurin magana, ubanta ya ce ke ce sak.

Yaya, na rubuta miki abin da ya sa kika fahimci ba daidai ba, kuma laifin alƙalamina ne. Da na ce ba ya jin daɗin ƙirjinsa, ina nufin yana tofar da jini. Da na ce likita ya ce ya huta, abin da likitan ya gaya mini a bakin ƙofa shi ne da wuya ya ga lokacin sassabe reshen inabi, wato watan Yuni. Na ga kamar idan na faɗa miki haka na ɗora miki wuƙa a wuya ne, sai na tausasa maganar har ta daina faɗin komai. Batun ƙanƙara kuwa ko kusa bai zo mini a rai ba. Ni a nan aka haife ni, a littafi kawai na san ta. Akwai gaggawa. Na yi tunanin buga miki wayar tangaraho, amma duk yadda na tsara kalmomin sai su fito kamar umarni.

Na kai masa takardarki. Yana kwance a baranda, don a ɗaki numfashi ba ya isarsa. Na tarar da Clarrie Dunstan a wurinsa, wanda suka yi yaƙi a rami ɗaya, yanzu shi ne shugaban 'yan mazan jiya na garinmu. Hannunsa ɗaya ne. Kullum da yamma yana zuwa su yi karta su zagi juna.

"Ga Malam da fuskar jana'iza," in ji Clarrie. "Kai Bajamushe, ka mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Ba zan mutu ba sai na ga ranar da ka ci wasa ba ka yi maguɗi ba."

"Da hannu ɗaya zan yi maguɗi?"

"Da hannu biyu ma ba ka iya komai ba sai shi."

Da na ce daga Erlau ne, Clarrie ya tattara kartarsa ya ce zai je ya duba doki. Ba da doki ya zo ba.

Na karanta masa duka, ban tsallake komai ba. Wajen dankali ya yi murmushi. Wajen albasa ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka ba zai amsa ba, har na fara naɗe takardar. Ga abin da ya ce, na rubuta shi nan take don kada in gyara:

"Ka ce mata ina wajen. Watan nan, kogin nan, hazon nan. Mu dubbai ne, su ma dubbai ne, tsawon wurin ya fi daga Erlau zuwa Grünberg. Na yi harbi. Ban ga fuska ba. Ban sani ba, Malam, ka ce mata ban sani ba. Da zan iya rantse mata cewa ba ni ba ne da na rantse tun tuni."

Kin ce ba wanda ya tilasta masa. Haka ne. Abin da na gani da idona shi ne an farfasa tagogin cocinmu, an kama fastonmu na lokacin an tsare, an rubuta wa Hulda zagi a ƙofa tana da cikin fari. Reinhold ya ce idan ɗayanmu ya je yaƙin za su ƙyale sauran. Ba su ƙyale ba. Da ya dawo, Turawan Ingila na gari suna ce masa Bajamushe, mutanenmu kuma wasu har yau ba sa miƙa masa hannu a ƙofar coci. A bencin ƙarshe yake zama. Ba don in wanke shi na faɗa ba. Ƙila ma bai kamata in faɗa ba.

Abu ɗaya ya dame ni. Ni da na karanta "ban yi alkawari ba," na ji a'a. Shi kuwa ya ce, "Ba ka san ta ba. Idan a'a ce ba ta ɓata tawada. Ƙasar tana zuwa." Tun ranar yake sa yaran su tsaya a hanyar mai kawo wasiƙa. Ban san wanne cikinmu ya karanta ki daidai ba, kuma ina tsoron ranar da za mu sani.

Ɗan'uwanki,
Traugott

Erlau
26 ga Maris, 1929

Traugott,

Muna lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, keken wasiƙa yana tashi da rana.

Kai wane irin mutum ne? Mutum yana tofar da jini ka ce ba ya jin daɗin ƙirjinsa? Da gida zai kama da wuta sai ka rubuto ka ce ɗakin ya ɗan yi ɗumi. Wata uku ka cinye mana da ladabi.

Takardarka ta zo ranar Juma'a. Na karanta amsarsa a tsaye. Na so ya ce ba ya wajen, in ce ƙarya yake. Na so ya ce shi ne, in san inda zan ajiye abin da nake ɗauke da shi. Bai ba ni ko ɗaya ba. Amma bai yi mini ƙarya ba, kuma shi mutum ne da ya iya ta tun yana yaro.

Ƙanƙarar sama ta narke, amma ƙasa har yanzu dutse ce. Na je wurin tsoho Pusch mai haƙa kabari. Ya ce in jira mako uku. Na ce ba ni da su. Ya ce, "Uwargida, ni gawa nake sakawa, ba na cirewa." Na ce tafi ɗaya nake so. Ya ce tafi ɗaya ko rami, wuta ɗaya ce. Sai ya yi yadda yake yi idan an yi mutuwa da sanyi: ya tara itace da gawayi a gefen kan Mama, ya kunna, ya kifa tsohon faifan ƙarfe a kai. Wuni guda muna ƙara itace. Matan ƙauye suna leƙowa ta katanga, an ce Ottilie ta zare tana dafa uwarta. Fasto ya zo ya tsaya, ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe ya tafi.

Da ta yi laushi Pusch ya miƙo shebur. Ban karɓa ba. Da ludayin ƙarfen Mama na zo, da shi na haƙa, sauran kuma da yatsu. Tana da ɗumi kamar burodi. Ban yi zaton zan yi kuka ba.

Na zuba a gwangwanin shayi, na liƙe bakin da kakin zuma, na ɗinke cikin zane. A gidan waya sun ba ni takarda in rubuta abin da ke ciki. Gustav ya ce in sa "shayi." Na ce ban taɓa yi wa hukuma ƙarya ba, kuma ba da uwata zan fara ba. Na rubuta: ƙasa daga maƙabartar Erlau, gefen gonakin inabi, don binne mamaci. Zai tafi a jirgi ɗaya da takardar nan.

Kada Reinhold ya ɗauka yafiya ce. Ban san mene ne ba. Ka ce masa Yaya ta ce ya jira. Bai taɓa yin abin da na ce ba ko sau ɗaya, to ya gwada.

Ottilie

Kooranda
19 ga Mayu, 1929

Yaya Ottilie,

Ina gaishe ki da Gustav da yara. Hulda da 'yan matan suna nan da ƙarfin hali. An gama tsinkar inabi, ruwan farko ya sauka. Kin hana ni tausasa magana, don haka ga ta: Reinhold ya rasu ranar Alhamis, tara ga watan nan, da hantsi. Ya ji takardarki. Ƙasar kuma ta iso Ostireliya yana da rai, amma bai taɓa ta ba. Zan gaya miki yadda aka yi, bi da bi.

Ya jira, Yaya. Likita ma ya yi mamaki. A ƙarshen Afrilu, ranar tunawa da sojoji, bai iya tashi ba, sai Clarrie ya karkato da jerin 'yan mazan jiya daga babban titi suka bi ta ƙofar gidansa da ganga. Reinhold ya ɗaga hannu ya ce, "Dubi tafiya kamar agwagi, shi ya sa muka daɗe ba mu gama ba."

Takardarki ta zo ranar uku ga wata. Da na kai inda ake cewa kina dafa uwarki, ya yi dariya har Hulda ta tsorata. Amma gwangwanin bai zo ba. Sai wata sanarwa daga tashar jirgin ruwa, cewa an tsare kaya.

Ga abin da ban gaya miki ba, don shi ma bai zo mini a rai ba, ni da nake cin abinci da inabi. Akwai wani ƙwaro da ke cin saiwar inabi, yana tafiya cikin ƙasa. Ya kashe gonaki a ƙasashenku, ya kashe a jihar da ke maƙwabtaka da mu, amma bai taɓa shigowa tamu ba. Doka ta hana shigo da ƙasa, ko wadda ta manne a takalmi. A takardar gwangwaninki kuwa ga shi an rubuta da hannunki: gefen gonakin inabi.

Na hau jirgin ƙasa na je ranar Litinin. Jami'in da na samu dattijo ne, yana da alamar 'yan mazan jiya a ƙirji. Na yi masa bayani. Ya ce doka ta ce a ƙone ko a zuba a teku, amma zai iya sa a gasa ta a tanda har duk abin da ke da rai ya mutu, sannan a aiko. Sai dai tandar ba ta aiki sai mako mai zuwa. Na ce mutumin ba shi da mako.

Ya ɗauko gwangwanin, ya fasa kakin, ya buɗe, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Wace bataliya ka ce?" Na faɗa masa. Sai ya ce, "Zan je in sha shayi. Ni mutum ne mai jinkirin shan shayi. Ƙofar baya ba ta kulluwa."

Ya fita ya bar ni da ƙasar. Aljihun kwat ɗina babba ne. Na san abin da yake nufi, ba wawa ba ne ni. Na zauna ina kallonta. Na ce wa kaina wutar Pusch ta riga ta kashe komai. Na ce maƙabarta ba gona ba ce. Sannan na tuna maƙabartarmu, inabin maƙwabcinmu Nitschke yana jingine da katangarta, bayansa na maƙwabcinsa Obst, bayansa kwarin gaba ɗaya, har da 'yan layukan inabin da Hulda za ta ciyar da yaran da su. Na ce idan ƙwai ɗaya ya tsira fa? Na miƙa hannu, na janye. Ina nan zaune ya dawo. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba ka lada, ko ya yafe maka, ban san wanne ba." Na sa hannu a takardar tanda na fito.

Da na iso gida washegari ya dubi hannuna tun daga ƙofa. Na gaya masa duka, har da shayin. Hulda ta ce, "Yaya, ka bar ta a kan tebur?" Ta fita, har yau ba ta sake tayar da maganar ba, kuma da ta tayar da ya fi mini sauƙi.

Shi kuwa ya daɗe yana neman numfashi. Sannan ya ce, "Da ka kawo mini ƙwaro gonata da na tashi na karya maka ƙafa." Ban sani ba ko har zuciyarsa ne, ko don ya ga fuskata. Ya ce, "Ka gan ta?"

Na ce na gani.

"Yaya take?"

Na ce baƙa ce, da yashi-yashi, da danshi har yanzu. Akwai farin zaren saiwa a ciki, da ɗan gutsuren gawayi.

"Ka sansana?"

Na ce kamar rumbun dankali bayan ruwa.

Ya rufe ido ya ce, "Ita ce." Can ya ce, "Da ludayi, ka ce? Da yatsunta?" Na ce haka kika rubuta. Ya ce, "Sake karanta wurin." Na sake. Ranar Laraba ma ya sa na sake, sau da yawa.

An kaɗa masa ƙararrawar coci sau talatin da tara, adadin shekarunsa. Fasto ya yi addu'a da Jamusanci, Clarrie da mutanensa suka ɗauki akwatin, ba su fahimci kalma ɗaya ba amma sun cire huluna. Wasu daga cikin namu da ba sa gaishe shi sun zo, wasu ba su zo ba. Ƙarƙashin kansa Hulda ta sa takardarki.

Gwangwanin ya iso shekaranjiya. Ƙasar ta koma toka-toka, ba danshi, ba ƙanshi. Mun je da yaran, takwararki Ottilie ta tona gefen kai da hannunta ta zuba. Tana samansa, ba ƙarƙashin kansa ba. Na rubuta abin nan a littafina na kullum ta kowace fuska, ban samu wadda na fito da gaskiya ba, ban kuma samu wadda zan ce da na sake zan ɗauka ba. Ki faɗa mini duk abin da kika ga dama.

Ɗan'uwanki,
Traugott

Erlau
30 ga Yuni, 1929

Ƙanena Traugott,

Muna nan. Ka rungume mini Hulda da yaran. Na sa fasto ya ambaci sunansa a coci ranar Lahadi, tare da na Emil. Wasu sun yi gunaguni. Na juya na dube su.

Da ni ce da na saka a aljihu, ban ko tsaya rufe gwangwanin ba. Kwana biyu ina zaginka a kicin. Sai Gustav ya ce, "Ke da kika ƙi rubuta shayi?" Na jefe shi da tsumma. Da alama jinin nan ɗaya ne, daga kakanninmu muka gado shi, kuma Reinhold ne ya biya mana. Kada ka sake tambayata hukunci, ba ni da shi. Ka daina rubuta abin a littafinka. Ka je ka taya Hulda sassabe.

Ga abin da nake so. Inda na haƙa a gefen Mama ya lotsa da ruwan bazara, ya zama ɗan rami kamar kwano. Pusch ya zo da shebur zai cike, na hana shi. Na rufe da fale-falen dutse.

Ka je wurin Reinhold ka ɗebo mini tafi ɗaya daga kansa. An ce ƙasarku ja ce. Ka sa yarinyar ta haƙa, kai ka ɗinke. Na tambaya a gidan waya na Grünberg, mutumin ya ce shi bai san wata doka da ta hana ba, kuma ban ba shi lokacin ya bincika ba. Ka aiko kafin Nuwamba, don in samu in zuba ƙasa ba ta daskare ba.

Shekara guda Mama ta yi tana tambaya ina yake. Ina so in je in ce mata ga shi.

Yayarka,
Ottilie